In Ba Damuwa, Mista Tillett

Daga ƙofar gidan Aubrey Tillett zuwa gidan kula da tsofaffi da ke bayan cocin garin Saxmere tafiyar minti tara ce, in dai gwiwarsa ta hagu ba ta tashi da rigima ba. Sau biyu yake yin ta kullum, da tsakar rana da kuma ƙarfe biyar na yamma, da hularsa da lemarsa, ko ana ruwa ko ba a yi. Shekara biyu da wata huɗu ke nan bai tsallake yini ɗaya ba. Dalili kuwa matarsa ce, Glenda. Ciwon mantuwa ya cinye mata sunan 'yarta, ya cinye sunan titin da aka haife ta, ya cinye har yadda ake sa maɓallin riga, amma ya bar mata abu ɗaya: in Aubrey ya miƙo cokali tana buɗe baki. Wani ya miƙo, ko da likita ne, sai ta datse haƙora ta juya fuska bango. Ma'aikatan gidan sun gwada lallashi, sun gwada waƙa, wata ma har ta ari hular Aubrey ta ɗora a ka, Glenda ta dube ta sama da ƙasa ta yi tsaki. In ka cire shayi da ɗan biskit na safe, duk abin da ke shiga cikinta da hannunsa yake shiga.

Shi Aubrey shekararsa saba'in da tara, kuma ban taɓa jin wanda ya kama shi da magana ƙwaya ɗaya a tsaye ba. Ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya zai leƙa taga ya ce, "Ina ga kamar garin ya ɗan yi danshi." Mu nan duk muna da ciwon, kada in ɗora wa bawan Allah shi kaɗai, mutum zai taka maka ƙafa a bas, kai ne za ka ba shi haƙuri. Amma na Aubrey ya fi na kowa, don shi har koyar da abin ya yi. Shekara talatin da shida yana koyar da tarihi a sakandaren gari da jan biro a hannu. Yaro ya rubuta "sarkin ya yi zalunci," sai ya ɗora masa a sama, "ana iya cewa." Rabin mutanen Saxmere sun bi ta ƙarƙashin biron nan. Shi ya sa har mai gyaran famfo in ya zo gidanka sai ya ce da alama, a iya ganinsa dai, bututun bai cika jin daɗi ba, alhali ruwa ya kai muku idon sawu.

Glenda ce bakinsa. 'Yar masunta ce, ta tashi a inda in ba ka ɗaga murya ba iska ta tafi da maganarka. Ranar da ya nemi aurenta sai da ya yi minti goma yana zagaye-zagaye: yana tunanin ko zai yiwu, in ba ta da wani shiri na daban, kuma ba wai yana matsa mata ba ne, wataƙila nan gaba su duba ko... Ta katse shi. "Aure kake so? To, na yarda. Sha shayinka, zai huce." Shekara hamsin da ɗaya haka suka yi ta, shi ya ji abu a ransa, ita ta faɗe shi. Ita ta mayar wa mahauci naman da ya yi wari. Ita ta gaya wa ƙaninsa ya daina zuwa cin abincin Lahadi hannu rabbana. Ko yanzu da kalmominta suka kusa ƙarewa, 'yan da suka rage masu kaifi ne, kuma a kansa suke sauka. "Wawa, hura," takan ce in cokalin ya yi zafi. Shi kuwa sai ya hura, ransa fari ƙal.

Wata Talata cikin Oktoba, ya gama ba ta abincin rana yana shirin fita, sai Misis Catchpole, shugabar gidan, ta tare shi a bakin ofishinta. Denise sunanta, ta zauna a ajinsa shekara arba'in da suka wuce, kuma har yau Malam take ce masa.

"Malam, ko kana da minti biyu? Ba wani abu ba ne."

A garin nan in aka ce maka ba wani abu ba ne, to ka nemi wurin zama. Ya zauna, ya ɗora hular a gwiwa.

"Mun ɗan yi ta tunani ne, ni da ma'aikata," ta ce, tana gyara wasu takardu da ba su buƙatar gyara, "ko wataƙila Glenda za ta fi samun sukuni a wani wurin da ya ɗan fi mu kayan aiki. Ba wai an yanke wani abu ba. Tunani ne kawai."

Ya san abin da ya jawo tunanin. Sau biyu cikin wata ɗaya Glenda ta buɗe ƙofar baya ta fice. Na farko an tsince ta a harabar coci da rigar barci tana wa wani kabari faɗa. Na biyu ta faɗi a kan matakala, girarta ta fashe, ɗinki huɗu.

"Akwai wani gida a Wrenmouth," Misis Catchpole ta ci gaba. "Suna da sashe mai ƙofa a kulle. Na ji kamar gado ɗaya zai samu."

Kada wani ya zaci Aubrey bai fahimta ba. Ya fahimta sarai, har cikin ƙashinsa. "Tunani ne kawai" ya ji shi daidai yadda aka nufa: an riga an buga waya, an cike takarda, gadon ma an shimfiɗa shi. Wrenmouth mil arba'in da ɗaya ne. Shi kuwa tun da yanar ido ta kama idonsa na dama ya ajiye tuƙi. Bas biyu ake shiga, kuma ba sa haɗuwa da juna sai ranar Talata da Jumma'a.

"Wrenmouth," ya ce. "Ina jin yana da ɗan nisa, ko?"

"Yana da ɗan nisa kam." Ba ta ɗago ba. "Za mu zauna ranar Alhamis ta sama, da kai da 'yarku Philippa da wani daga ƙaramar hukuma, a ji ra'ayin kowa."

"Kin kyauta da kika sanar da ni," in ji Aubrey. Ya yi mata godiya a ofis, ya sake yi mata a bakin ƙofa. Sai da ya kai bakin katangar coci sannan ya dafa ta ya tsaya kamar mai karanta sanarwar da ke allo.

Washegari ya je filin lambuna da ke bayan layin dogo, inda kowa ke da 'yar gonarsa. Tasa ta zama ciyawa tun da Glenda ta kwanta. Ba don ita ya je ba, don Len Mobbs ya je, maƙwabcin gonarsa, tsohon direban babbar mota, mutumin da bai gama makaranta ba, shi ya sa jan biron bai same shi sosai ba. Len yana tonon dankali. Ya saurara har ƙarshe, ya kafa cebur a ƙasa.

"To, me ka ce mata?"

"Na dai nuna mata ina da 'yar damuwa."

"Ka nuna mata. Da me? Da gira?"

"Na ce wurin yana da ɗan nisa."

"Ɗan nisa! Malam, ai duniyar wata ma ɗan nisa gare ta." Len ya share hanci da bayan hannu. "Ji nan. An yi wa yayata irin wannan shekara uku baya. A wurin zaman nan akwai inda za su tambaya ko akwai wanda bai yarda ba. Dole su tambaya, a takardarsu yake. Mijinta ya ce bai yarda ba, nan take aka tsayar da komai, aka kira wani daga waje ya sake dubawa. Sati shida. Kafin nan gadon can ya tafi, suka sa mata ƙararrawa a ƙofa, shi ke nan. Kai ne mijinta. Kalma uku ce tal. Ban, yarda, ba."

"Ina ga abin bai kai sauƙin haka ba, Len."

"Ya kai. Tashi tsaye. Ga kabejin nan, shi ne mutumin hukuma. Gaya masa."

Aubrey ya waiga ko akwai mai kallo. Ya gyara murya, ya dubi kabejin. "Ina jin tsoron ba zan iya cewa na gamsu gaba ɗaya ba da..."

"Kabejin ya yi barci. Sake."

"Da dukkan girmamawa..."

"Wa ya ce ka girmama shi? Kabeji ne!"

"Wataƙila na yi kuskure, amma..."

"Ka yi kuskuren?"

"A'a. Wato, ba na jin na yi."

"To me ya sa kake ba shi sanda ya doke ka da ita? Haba, Malam. Da Glenda ce da tuni ta kifar da teburin, ta sha shayinsu, ta dawo gida."

Wannan ta shige shi. Ya runtse ido, ya damƙe hannun lemar, ya ce da 'yar ƙaramar murya, "Ban yarda ba." Len ya buɗe baki zai yi ihun murna, sai ga sauran ta biyo baya ita kaɗai, kamar jelar da aka manta: "In ba damuwa."

Len ya cire hularsa ya maka ta a kan kunyar dankali. Da ya huce ya ce, "Bari in bi ka ranar. Ba zan ce uffan ba, zan dai zauna in riƙa taka maka ƙafa."

Abin da Aubrey yake so ke nan a duniya. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Kai, kada in ɗora maka wahala. Ina jin zan iya."

Len ma ɗan ƙasar nan ne, duk da bakinsa. An ce masa kada ya wahala, bai iya cusa kai ba. "To, in ka tabbata," ya ce, ya ɗauki ceburinsa.

Ranar Alhamis Philippa, 'yarsu tilo, ta iso daga Landan a jirgin ƙasa na safe. Shekararta arba'in da takwas, idanunta sun faɗa. Ita ake kira a wurin aiki duk sanda Glenda ta faɗi, ita ke barin taro ta fita baranda tana cewa "na'am, na gane, na gode da kuka kira." A bakin ƙofar gidan ta gyara masa kwalar riga.

"Baba, ba wai ina cewa ra'ayinka ba daidai ba ne. Ina dai ganin zai yi kyau mu shiga da zuciya a buɗe."

Nan ma ya gane. Tana so a kai ta. Ba don rashin ƙauna ba, don ta gaji da jiran wayar da za ta ce an tsinci uwarta a kan titi.

A ɗakin taron an ajiye shayi da farantin biskit. An kuma ajiye kwalin tishu daidai gwiwar hannunsa, wato kuka suka shirya wa, ba gardama ba. Mutumin hukuma, Mista Farrow, matashi ne mai ladabi da kwamfuta a gabansa. Ya yi minti ashirin yana magana, kuma kalmar "dole" ba ta fito daga bakinsa ko sau ɗaya ba. Ana iya cewa buƙatun Misis Tillett sun ɗan canja. Da alama, bisa abin da aka gani zuwa yanzu, wurin nan ba lalle ne ya zama mafi dacewa ba. Wasu za su iya ganin cewa jinkiri yana da nasa haɗarin. Aubrey yana ji yana gyaɗa kai, don ko shi da jan bironsa ba zai samu abin gyarawa ba. Maganar ba ta da ƙofa ba ta da taga, ba inda za ka kama ka ce nan ne ƙarya.

"Ina tunanin," ya samu ya ce, "ko batun cin abincinta ba zai ɗan zama matsala ba. Ta ɗan saba da hannuna."

"Wannan magana ce mai muhimmanci, na gode da ka kawo ta," in ji Mista Farrow, ya buga wani abu. "Na fahimci ma'aikatan can suna da ƙwarewa sosai ta wannan fannin."

"Ba na shakka. Sai dai kawai, ban sani ba ko..."

"Tabbas. Za mu sa ido a kai."

Sannan aka zo wurin da Len ya faɗa. Mista Farrow ya duba takardarsa. "Kafin mu rufe, ƙa'ida ce in tambaya. Akwai wani daga cikin iyali da bai yarda da wannan shawara ba?"

Philippa ta girgiza kai tana kallon kofinta. Duk suka juyo gare shi.

Kalmomin uku suna nan a kan harshensa, ya ji su, ya jera su tun a gida yana aske gemu. Amma ga Denise Catchpole, wadda ma'aikatanta ke wanke masa mata kullum safe ba tare da sun ɓata fuska ba. Ga 'yarsa da zai ƙaryata a gaban baƙo. Ga kuma abin da ya fi duka muni, abin da Len ba zai taɓa ganewa ba: shi Aubrey in ya ce wataƙila ya yi kuskure, ba ado ba ne kawai, har zuciyarsa yake nufi. In ya hana, ta sake ficewa, ta kai babban titi da rigar barci, motar kaya ta taho fa? Duk rayuwarsa ya koya wa kansa ganin ɗaya ɓangaren, ga shi yanzu ɗaya ɓangaren ya tsaya masa a maƙogwaro.

"To," ya ce. "Ba zan ce hankalina ya kwanta ɗari bisa ɗari ba. Ina dai mamakin ko ba za a iya, wataƙila, ɗan ƙara duba wasu hanyoyin ba. Amma ku ne masana."

Ba wanda bai ji shi ba a ɗakin nan. Ina so a riƙe wannan, don shi ne abin da ke ba ni haushi har yau. Su ukun sun san tsohon nan ihu yake yi, sun san a bakin Aubrey Tillett "hankalina bai kwanta ɗari bisa ɗari ba" daidai yake da wani ya faɗi ƙasa yana birgima. Amma takardar ba ta da gurbin birgima. Gurbi biyu gare ta, ya yarda ko bai yarda ba, kuma ya bar musu ƙofa a buɗe da hannunsa.

Misis Catchpole ce ta kasa. Wuyanta ya yi ja. Ta ajiye bironta, ta yi abin da ba a yi, ta tambaye shi kai tsaye.

"Malam, yi haƙuri. In sa a rubuta cewa ba ka yarda ba? Ka ce e kawai, a rubuta."

Ta rage masa aikin daga kalma uku zuwa ɗaya. Mista Farrow ya ɗaga yatsunsa daga kan kwamfutar. Philippa ta ɗora hannunta a kan na ubanta, bai kuma san ko roƙonsa take ya faɗa ko roƙonsa take ya yi shiru ba. Wataƙila ita ma ba ta sani ba. A waje wani yana tura keken abinci, tayar keken ɗaya tana ƙara.

"Kai," in ji Aubrey, "ba zan kai shi can ba. Ba zan kira shi ƙin yarda ba. A ce dai 'yar damuwa ce."

Misis Catchpole ta rufe ido na ɗan lokaci, sannan ta ɗauki bironta. Mista Farrow ya buga, ya karanto musu: "Iyali sun nuna 'yar damuwa game da nisa da cin abinci, an kuma lura da ita. Ba a samu ƙin yarda ba." Ya ɗago. "Ya yi daidai, Mista Tillett?"

"Ina jin ya yi," ya ce. Aka miƙo masa biskit, ya karɓa, ya ce an gode.

Bai koma filin lambuna ba a satin nan. Ya hango Len sau ɗaya a bakin gidan waya, ya tsallaka titi ya shiga kantin da ba shi da abin saye a ciki.

Ranar Litinin da safe aka tafi da ita, cikin farar mota mai ɗaukar keken guragu. Ta yi ta dukan hannun direban tana cewa ya sake ta, ɓarawo. Wata ma'aikaciyar Wrenmouth da ta zo rakiya ta ja Aubrey gefe ta ce, da murya mai taushi, sau da yawa sukan ga kamar ya fi sauƙi in iyali suka ɗan ba da kwana goma kafin su fara zuwa, don mutum ya saba da wuri, amma fa shawara ce kawai. Ya ce ya gane. Kwana goma ya faɗa ranar Alhamis, ba bas, sai ya zama sha ɗaya.

A kwanakin nan ƙarfe goma sha biyu saura kwata sai ya tsinci kansa a bakin ƙofa da hula a ka. Ya tsaya, ya cire, ya rataye. Ya buga waya sau huɗu. Kowane karo ya fara da ba da haƙurin damunsu da ya yi, kowane karo aka ce masa tana nan tana sabawa a hankali.

Ranar Jumma'a ya dafa shinkafa da madara da sukari, irin wadda take so, ya zuba a fulas. Bas na farko ya kai shi mahaɗa, ya yi minti hamsin a rumfar jira iska tana shiga masa ta ƙafar wando, na biyu ya bi ta kowane ƙauye da Allah ya yi kafin ya sauke shi a Wrenmouth ƙarfe biyu saura minti goma. Na komawa uku da minti biyar yake tashi, in ya wuce kuma sai Talata.

Gidan tsaf yake, ba abin da mutum zai kushe. Wata ma'aikaciya ta danna lambobi a jikin ƙofa, ta buɗe masa, tana tafe tana cewa, "Ta ɗan rage cin abinci kwanan nan, amma ba na jin abin tayar da hankali ne tukuna." Ya ji "tukuna" ɗin sarai.

Glenda tana zaune a kujera kusa da taga, sanye da wata shuɗiyar rigar sanyi da ba tata ba. Kumatunta sun zurma. An naɗa wa zoben aurenta zare don kada ya zame. A gefenta ga farantin abincin rana ba a taɓa ba, miyar ta daskare a kai.

Ya ja kujera, ya buɗe fulas ɗin, ya ɗebo, ya hura, ya miƙa.

Ta dubi cokalin, ta dube shi. Ba ta datse haƙora ba, ba ta juya bango ba. Murmushi ta yi masa, ta gyara zama, ta haɗa gwiwoyinta. Da ta yi magana, da wata murya ta yi, wadda a shekara hamsin da ɗaya ya ji ta ba ta fi a ƙirga ba, muryar da take ajiye wa sabon limamin coci da masu bi gida-gida suna tallar inshora.

"Ka kyauta ƙwarai, bawan Allah," ta ce. "Amma ina ga, in ba za ka ji haushi ba, zan ɗan jira mijina."

Cokalin ya tsaya a iska. "Glenda," ya ce. "Ni ne. Ni ne Aubrey. Ni ne mijinki." Ba wataƙila, ba ina ga, ba komai. Maganar ta fito tsirara, da ƙarfi, har wata tsohuwa a kujerar gaba ta farka.

Glenda ta ɗan sunkuyar da kai cikin ladabi, yadda ake yi wa baƙon da ya faɗi abin da ba daidai ba kuma ba a so a kunyata shi.

"Mai yiwuwa haka ne," ta ce. "Ba ya makara dai. Yanzu za ka gan shi."

Ya sake miƙawa, ta ɗaga hannu a hankali ta ce a'a, an gode. Ya gwada na uku. Sannan ya mayar da cokalin cikin fulas ɗin, don madarar ta fara ɗiga a kan rigar da ba tata ba. Baƙin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ba wanda zai kama, ba wanda ya yi masa ƙarya, ba wanda ya ɗaga masa murya, kowa ya tambaye shi.

"To, bari in taya ki jira," ya ce.

Ta ce ya kyauta. Ya juya kujerarsa ta fuskanci inda tata ke fuskanta. Suka zauna su biyu suna kallon ƙofa, shinkafar tana hucewa a tsakaninsu, har ƙarfe uku saura kwata.